Yadda Za Ka Gano Adadin MGB da Aka Ƙera

A Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, nake gyaran mota, kuma wata tsohuwar MGB (ƙaramar motar kamfanin MG na Birtaniya) da aka kawo min ce ta sa ni wannan bincike. Ɗan'uwa, kada ka ɗauki lambar shasi ta ƙarshe a matsayin jimilla. Daga 101 lambobin suka fara, kuma an tsallake wasu a tsakani. Ka ware mai buɗaɗɗen rufi daban da GT mai rufaffen rufi, wadda ta fito a 1965.

Inda lissafi ke rikicewa shi ne waɗanda aka tura Ostiraliya gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a can. Tabbatar ba a ƙirga su sau biyu ba. Rajistar masana'antar Abingdon, inda aka ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, tana gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila. Su za ka rubuta wa.