Kurakuran Lissafi da Ke Cinye Jarin Masu Ajiyar Hatsi da Masu Shaguna a Zariya

Yawancin 'yan kasuwarmu, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, gwanayen ƙidaya ne. Inda ake samun tangarɗa shi ne abin da ake ƙidayawa da kuma abin da ake gwada shi da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki yawan ciniki a matsayin ƙwazo. Mai gida yana da shaguna biyu, ɗaya na kawo naira miliyan 3 a wata, ɗayan miliyan 2, sai ya yaba wa yaron farko ya tsangwami na biyu. To, nawa kowane shago ya ci? Haya, albashi, man janareta, kuɗin da ke kwance a cikin kaya. Idan na farko ya ci 600,000 na biyu kuma 250,000, kowace naira ɗaya ta kawo cinikin naira 5 a na farko, a na biyu kuwa 8. Yaron da ake yi wa faɗa shi ne gwanin. Wani masanin tattalin arziki, Michael Farrell, ya shimfiɗa wannan tunani a 1957: a auna abin da ya fita da abin da ya shiga, sannan a gwada kowa da wanda ya fi iyawa cikin tsararrakinsa. A lura da sharaɗin tsara. Shagon Samaru da ɗaliban ABU ke raya shi ba tsaran na Sabon Gari ba ne. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, duk wanda ya hukunta yaronsa na Samaru da alƙaluman waɗannan watanni ya zalunce shi.

Kuskure na biyu ya fi tsada, kuma masu ajiyar hatsi ya fi kamawa. Mutum ya sayi masara da kaka a Giwa, ya kulle a sito, a ransa farashi ɗaya ne kawai: wanda yake fata. Gyaran shi ne a rubuta yanayi uku, a ba kowanne nauyinsa. A ce buhu 50,000 ne, dako da haya da maganin ƙwari sun kai shi 54,000. A ce kana ganin yiwuwar farashin ya kai 70,000 kashi 50 cikin 100 ce, ta ya tsaya 55,000 kashi 30, ta ya faɗo 40,000 kuma kashi 20. Ka ninka kowane farashi da kasonsa ka tara, za ka sami 59,500. Ribar da za ka sa rai da ita ke nan 5,500 a buhu, ba 16,000 da zuciya ke raya maka ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani zai ce ai masara ba ta faɗuwa bayan kaka. Tana faɗuwa. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko, da yawa daga waɗanda suka ajiye ba su mayar da uwar kuɗinsu ba.

Ko wanda ya yi wancan lissafi yakan tsaya a kan 59,500 ya manta da mummunan yanayin. Asarar 14,000 a buhu, a buhu 200, miliyan 2 da 800,000 ce. In kuɗinka ne da ba ka buƙata yanzu, za ka iya jurewa. In bashi ne, ko jarin 'yan uwa da aka ba ka amana, lissafin ya canza gaba ɗaya ko da alƙaluman ba su motsa ba. A ganina, kafin a tambayi nawa za a samu, a fara tambayar nawa za a iya asara kuma duk da haka gobe a buɗe shago. Amsar ita za ta faɗa maka buhu nawa za ka ajiye, nawa za ka sayar tun da wuri.

Sai batun faɗuwar darajar naira. Ribar 5,500 a kan 54,000 kusan kashi 10 ce cikin 100 a wata 6. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kuɗin da ka karɓa ba zai sayi abin da jarinka zai saya ran farko ba. Ka ƙirga ribar da buhunan taki ko na masara da za ta iya saya, kada ka tsaya ga takardun kuɗi.

Akwai kuma ma'auni. Tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, buhu ma wani a tumbatse yake, wani da sauƙi, ga masara ɗanya tana rage nauyi idan ta bushe a sito. Samari masu zuba alƙaluma a Excel su kula da wannan, domin kwamfuta ba ta san buhun da aka ƙware ka ba. A sa sikeli ranar saye da ranar sayarwa, a rubuta kilo, a kuma rubuta kowane kashe kuɗi a ranar da aka yi shi, har da na 'yan dako da na mai gadi.