Gilashin roba mai tare hasken UV: shekara nawa yake kare hoto a firam?

Tambayar da masu haɗa firam a Jos suka fi sha daga mai hoton aure, ko zayyana, ko takardar shaidar digiri ita ce: wannan gilashin roba mai tsada, shekara nawa zai yi kafin ƙarfinsa ya ƙare? Akirilik, wato wannan gilashin roba, idan na ƙwarai ne kuma yana rataye cikin ɗaki, yana shekaru gommai yana aikinsa. Sau da yawa hoton ne ke riga shi gajiya, kuma dalilin hakan ne ya kamata a fahimta kafin a fitar da kuɗi.

Sinadarin da ke shanye hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake cin launi, a irin su Acrylite OP-3 da Plexiglas UF-3, a cikin jikin robar aka cuɗa shi tun wajen ƙira. Ba shafe ba ne da tsumma zai kankare. Shi ya sa gogewa ba ta rage masa ƙarfi, saɓanin ledar da ake mannawa a taga, wadda yawanci bayan shekara 10 zuwa 15 sai an sake ta. Irin waɗannan faranta na akirilik, har da Optium na kamfanin Tru Vue, suna tare kimanin kashi 97 zuwa 99 cikin 100 na UV. Gilashin taga na yau da kullum kuwa barin mafi yawan UV mai dogon zango yake yi ya wuce. Idan ka ga ɗan ruwan ɗorawa a gefen sabon faranti, kada ya dame ka, wasu haka suke fitowa daga masana'anta.

Matsalar kasuwa ita ce ba duk akirilik da aka kira Perspex ne ke tare UV ba. Akwai akirilik na allon talla, akwai kuma wata roba mai araha, mai ƙaran-ƙaran idan an ƙwanƙwasa, wadda takan yi rawaya ta riƙa tsagewa. Ka nemi a nuna maka takarda ko ledar da aka rufe farantin da ita, sunan kamfani da lambar iri suna jiki. Sannan ka gwada da kanka. Sami ƙaramar tocila irin ta duba jabun kuɗi, mai nanomita 365, wato awon zangon haskenta. A ɗaki mai duhu ka haska farar takardar fotokwafi, za ka ga ta ɗau shuɗi tana ƙyalli. Sai ka sa farantin tsakanin tocilar da takardar. Idan na gaske ne, ƙyallin zai mutu kusan ɗungurungum. Idan takardar ta ci gaba da walƙiya, to allon talla aka miƙo maka. A kula: tocila mai nanomita 395 tana iya ruɗarwa, domin haskenta yana bakin iyakar abin da ido ke gani, wani ɓangare nasa yana ratsa ko da faranti mai kyau. Wannan gwaji shi ne kuma za a maimaita duk bayan shekara 5 ko makamancin haka, a lokacin da aka buɗe firam don dubawa. Ka ajiye guntun farantin da aka yanke cikin durowa, ka rubuta shekara a jiki, don ka riƙa kwatantawa.

To me ya sa hoto ke koɗewa bayan an sa masa gilashi mai tare kashi 99? Domin hasken da ido ke gani, wanda dole ya wuce kafin a ga hoton, shi ma yana cin launi, kuma ɓarnarsa taruwa take yi, ba ta komawa. Gidajen adana kayan tarihi suna auna ƙarfin haske da ma'aunin luks, suna tsayar da shi a luks 50 ga takarda, yadi da zanen fentin ruwa, luks 200 ga zanen fentin mai. Rana tsaka a fili tana kai luks 100,000. Ko rabin wannan ne ya faɗo ta taga kan bango, awa 1 a ƙarƙashinsa daidai take da awa 1,000 a luks 50, wato sama da wata 4 na hasken awa 8 kullum. Nan ne sanyin Jos ke yaudarar mutane. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma UV yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowane hawan mita 1,000. Falo na iya yin sanyi ƙalau, ranar da ke leƙowa ta labule tana ta aikinta.

Saboda haka kafin a buga ƙusa, a yi kwana ɗaya ana lura da bangon: da hantsi, da azahar, da la'asar. Inda rana ta taɓa ko da na minti 20 ne, a bar wurin. Bangon da tagar take jikinsa ya fi wanda ke fuskantarta. Dogon ƙwan lantarki da ƙwai mai murɗe suna fitar da ɗan UV, a musanya su da LED, a kuma kashe idan ba kowa a ɗakin.

Kayan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Baƙar tawadar gargajiya da aka haɗa da gawayi da ƙaro kusan ba ta jin haske, sai dai takardar ta yi ja a ƙarƙashinta. Zayyanar da aka yi wa ado da alƙalamin maka kuwa, ja da ruwan hoda ne ke fara tafiya. Haka sa hannun biro da hatimin shuɗiyar tawada a kan takardar shaida, da hoton da aka buga da firinta mai tawadar rini. Irin waɗannan, gara a rataye kwafi mai kyau, a adana na asali a duhu.

Wajen haɗawa, kada hoton ya taɓa farantin. A sa kwali mai taga, marar asid, ko siririn tsinke na roba a gefe, ya bar tazarar milimita 2 zuwa 3. In ba haka ba, laimar Yuli da Agusta za ta manne fuskar hoto da robar, ranar ɓamɓarewa sai ta taho da fuskar amarya. Kaurin milimita 3 ya isa firam da bai kai mita 1 ba, wanda ya fi haka yana son 4.5 zuwa 6 don kada ya yi ciki. Akirilik yana miƙewa kimanin milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri 1, ke nan faranti mai mita 1 zai motsa da milimita 1 idan an sami bambancin digiri 15 tsakanin daren hunturu da rana. A yanka shi da ragin milimita 2 zuwa 3 daga ramin firam. Bayan firam kuma ba kwalin indomi ba, ba falankin filawud tsirara ba, su ne ke sa takarda ta yi rawaya daga baya. A liƙe gefuna da tef don ƙura da kyankyaso, a manna ɗan roba a kusurwoyin ƙasa iska ta riƙa bi ta bayan firam.

Zanen gawayi ko na alli mai launi ba a sa masa akirilik na yau da kullum. Robar tana tara irin wutar nan da ke sa biron da aka goga a gashi ya ɗauki guntun takarda, kuma a bushewar hunturu abin ya fi tsanani, sai ta tsotso garin zanen ya manne mata. A nemi irin da aka yi don hana wannan, ko gilashi na gaske mai tare UV.

Abin da ke kashe farantin tun kafin sinadarinsa ya gaji shi ne shara. Ƙurar hazo yashi ce mai laushi, busasshen tsumma kuwa mai da ita yake sanfefa. A fara hure ƙurar, sannan a jiƙa tsumma mai laushi sosai da ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, a matse, a shafa a hankali. Tsumman ake jiƙawa, ba a fesa wa firam, don kada ruwa ya gangara ƙasa ya shiga kwali. Maganin goge gilashi mai amoniya, sipirit, fetur, kananzir da tina duk suna sa fuskar ta yi dishi-dishi ko ta yi ƙananan tsaga kamar saƙar gizo. Idan ta kai haka, ko da gwajin tocila ya nuna tana tare UV, a kai wa mai firam ya yanko sabon faranti, a duba gefen hoton da kwali ya rufe, a kwatanta launinsa da na tsakiya kafin a mai da shi bangon da yake.