Yadda Ake Bibiyar Aiki Bayan An Fito Daga Intabiyu

"Za mu neme ka." Kusan duk wanda ya taɓa zama gaban kwamitin ɗaukar aiki ya ji wannan magana. Daga nan sai a koma gida a tasa waya a gaba, duk baƙuwar lambar da ta shigo gaba ya faɗi. Mako ya wuce, na biyu ya bi bayansa, shiru kake ji. A nan ne matasanmu kan rabu gida biyu. Wasu kunya ta hana su ko da tambaya, wai kada a ce sun ƙosa. Wasu kuma su addabi mutane da kira safe da yamma, ko su bazama neman wani babba da zai sa musu baki. Duka biyun cutar kai ne. Ka ba da lokacinka da kuɗin motarka, wani ma tun daga Gusau ko Damaturu ya taso zuwa Abuja ya kwana a ɗakin ɗan'uwa, don haka ba laifi ba ne ka nemi sanin inda aka kwana. Abin da ake so shi ne ka yi da kanka, a rubuce, kuma a kan lokaci.

Mataki na farko: tun kana cikin ɗakin

Bibiya tana farawa ne kafin ka tashi daga kujera. Idan aka zo ƙarshe aka ce, "Kana da tambaya?" kada ka ce babu. Ka tambayi abu uku: yaushe ake sa ran yanke hukunci, akwai sauran mataki a gaba, kuma wa za ka tuntuɓa idan lokacin ya wuce. Wannan yana da muhimmanci domin wurare sun bambanta. A bankuna, alal misali, galibi akwai jarrabawa, da intabiyu fiye da ɗaya, da gwajin lafiya, da makarantar horaswa, kafin a ce an ɗauke ka. Makaranta mai zaman kanta kuwa tana iya gama komai cikin 'yan kwanaki idan sabon zango ya matso. Wanda bai tambaya ba bai san ranar da zai fara lissafi ba.

Ka riƙe sunan wanda ya jagoranci zaman da muƙaminsa. In ba ka ji da kyau ba, tambayi sakatare ko wanda ya shigar da kai.

Mataki na biyu: rubuta abin da ya faru

Kafin ka kwanta a ranar, ka rubuta sunayen da ka riƙe, ranar da aka yi maka alkawari, tambayar da ta ba ka wuya, da duk takardar da aka ce ka turo. Bayan mako biyu ba za ka tuna rabinsu ba.

Mataki na uku: saƙon godiya

Cikin awa 24 ka aika gajeren saƙo ta imel. Mafi sauƙi shi ne ka amsa a kan saƙon da aka gayyace ka da shi, domin duk bayananka suna nan a wuri guda. Yawancin ofisoshi a Najeriya da Turanci za ka rubuta, a Nijar kuma da Faransanci, amma ga ma'anar abin da ya kamata ya ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, ina godiya da damar da aka ba ni jiya ta tattaunawa kan aikin jami'in kuɗi. Bayanin da kuka yi kan matsalar tattara rasit daga rassa ya ƙara mini sha'awar aikin, domin irinsa na yi a wurin da na yi bautar ƙasa. Ga kwafin takardar kammala bautar ƙasa da kuka nema. Na gode."

Lura da jimla ta biyu, ita ce ran saƙon. Kwamiti yana iya ganin mutum ashirin a yini ɗaya, fuskoki su cakuɗe musu. Ambaton wani abu takamaimai da aka tattauna shi zai sa a ce, "Af, wannan yaron ne." Idan kuma akwai tambayar da ka amsa a gurguje saboda fargaba, ka gyara ta a layi ɗaya ko biyu, ba tare da dogon ban haƙuri ba. Kada ka cika saƙon da kirari da yabo, kada kuma ka kawo labarin halin da gida yake ciki. Na san halin gaskiya ne, kuma yana da nauyi, amma kwamiti yana neman wanda zai iya aikin ne, saƙonka ya tsaya a kan haka.

Mataki na huɗu: jira, tare da fahimtar dalilin shirun

Wannan shi ne wuri mafi wahala, kuma a nan zuciya take fara saƙe-saƙe. Gaskiyar magana, shirun ma'aikata sau da yawa ba shi da alaƙa da kai. A kamfani, mai sa hannu na ƙarshe yana iya yin tafiya, ko a tsaya jiran kasafin sabuwar shekara, ko kuma an yi wa wani tayi ana jiran amsarsa, kai ne na biyu a layi. A hukumomin gwamnatin tarayya akwai batun Hukumar Raba Daidai, wadda take duba yadda aka rarraba gurabe tsakanin jihohi, ga kuma neman amincewar ofisoshi daban-daban kafin a saka sunan mutum a tsarin albashi. Wannan kan ɗauki watanni. Ƙungiyoyin agaji irin waɗanda suka cika Maiduguri kuwa sukan yi intabiyu tun kafin kuɗin aikin ya iso daga masu ba da tallafi. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ayyuka da dama sun tsaya cak, har waɗanda suke ciki ma aka sallama, balle wanda yake bakin ƙofa.

Ka yi lissafi da ranakun aiki, ban da Asabar da Lahadi da hutun Sallah ko Kirsimeti. In an ce mako biyu, ka ƙara kwana biyu ko uku a kai. In ba a faɗi lokaci ba, ka ba su kwana bakwai zuwa goma na aiki. A tsakanin nan ka riƙa leƙa akwatin da imel yake jefa saƙonnin da bai yarda da su ba, domin gayyata takan faɗa can. Wayarka ta kasance da caji, ka kuma riƙa ɗaga baƙuwar lamba da sallama da natsuwa. Mafi muhimmanci, ka ci gaba da neman wasu wuraren kamar ba ka je wannan ba.

Mataki na biyar: tuntuɓa

Lokaci ya cika, ba labari. Sai ka rubuta wa wanda aka ce ka tuntuɓa, galibi jami'in sashen kula da ma'aikata. Talata zuwa Alhamis da hantsi ya fi. Litinin da safe ana fama da taro, Juma'a kuma daga an tafi masallaci ofis ya watse.

"Hajiya, barka da aiki. Ni ne na zo intabiyun aikin jami'in kuɗi ranar 4 ga wata. An ce za a sanar da mu cikin mako biyu, shi ya sa nake neman sanin ko akwai wani bayani. Har yanzu ina da sha'awar aikin, kuma a shirye nake in kawo duk takardar da ake buƙata."

Ya isa haka. Babu ƙorafi, babu "kun yi alkawari kun saɓa". Idan waya aka ce ka kira, ka gaisa, ka faɗi sunanka da aikin da ranar, ka tambaya ko lokacin ya dace da magana, ka gama cikin minti biyu. WhatsApp kuwa sai in ta nan suka fara neman ka. Ko a nan ɗin, ban da saƙon murya, ban da filashin, ban da tura "slm" kaɗai ka zauna jiran amsa, ban da hotunan barka da Juma'a kowane mako. Kada kuma ka tashi takanas ka je ofishin ba a kira ka ba. A wurare da yawa maigadi ne zai mayar da kai, labarin kuma ya isa sama.

Sai batun kamun ƙafa, wanda ba za mu yi kamar babu shi ba. Akwai bambanci tsakanin tsohon maigidanka ko malaminka da ya san aikinka ya shaide ka, da kuma ɗauko wani mai muƙami da bai san komai a kanka ba ya matsa wa kwamiti. Na farko shaida ce, kuma ya kamata ma ka sanar da waɗanda ka rubuta a matsayin masu tsaya maka cewa za a iya kiran su, ka faɗa musu irin aikin. Na biyu yakan ɓata wa kwamiti rai, in ma an ɗauke ka za ka shiga da tabo, ga haƙƙin wanda ya fi ka cancanta.

Ke kuma 'yar'uwa, idan wani daga cikin kwamiti ya mayar da bibiyarki hirar dare, ko ya ce ki same shi a otal "a ƙarasa magana", ki mayar da zancen kan imel na ofis, ki adana saƙonnin, ki sanar da wani naki. Wannan ba ya cikin matakan ɗaukar aiki a ko'ina.

Haka duk wanda ya ce ka turo kuɗi don a fitar da sunanka. Cinikin guraben aiki ya yi ƙamari har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023, kuma mutane da yawa sun sayar da kadara sun karɓi takardar bogi. Idan aka nemi kuɗi a hannunka, hukumomin yaƙi da cin hanci, wato ICPC da EFCC, suna karɓar irin wannan ƙorafi.

Mataki na shida: saƙo na ƙarshe, da abin da zai biyo baya

In mako guda ko kwana goma suka sake wucewa ba amsa, ka aika saƙo ɗaya tak, gajere, daga nan ka ɗauke kai. Sai fa idan wani wuri ya yi maka tayi alhali wannan ka fi so. A nan ka sanar da su kai tsaye cewa an ba ka zuwa rana kaza ka ba da amsa. Wannan kan sa a hanzarta, amma kada ka ƙirƙira. In suka ce "Allah ya sa alheri, je ka karɓa", ka yi biyu babu.

Idan amsar ta zo cewa ba a ɗauke ka ba, ka ba kanka kwana ɗaya zafin ya sauka, sannan ka yi godiya, ka tambaya cikin ladabi ko akwai abin da za ka gyara, ka roƙi a tuna da kai in wani gurbi ya buɗe. Ba kowa zai amsa ba. Amma wanda aka zaɓa yakan ƙi zuwa, ko ya bar aikin tun ba a je ko'ina ba, kuma sunayen da suke kusa ake fara dubawa.

Idan kuma aka kira aka ce an ɗauke ka, ka yi hamdala, sannan ka nemi takarda. Ta nuna muƙami, ranar farawa, tsawon lokacin gwaji, da albashi. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, domin dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10. Dokar ƙwadago ta ba mai ɗaukar aiki har wata uku daga fara aiki ya ba da sharuɗɗa a rubuce, amma kai kada ka jira wannan. In kana wani aikin, kada ka ajiye shi, kada kuma ka biya kuɗin haya a sabon gari, sai takardar ta shigo hannunka ka karanta ta ka sa hannu.