Ɗaukar dogon kiɗa a lufa ba tare da ya karkace ba

'Yan uwa masu kaɗa jita a Damagaram, ga shawara kan lufa, na'urar nan da ake takawa ta ɗauki kiɗa ta riƙa maimaitawa.

Matsalar ba wurin ajiya ba ce: lufa samfurin Boss RC-1 tana ɗaukar minti 12, samfurin Ditto kuma minti 5. Ƙafa ce ke kuskure. In ana ƙirga bugu huɗu-huɗu, yawanci ana taka maɓallin rufewa a bugu na 4 na ƙarshe, sai kiɗan ya yanke, kowane zagaye yana tuntuɓe. Ku buɗe a kan "ɗaya", ku rufe a kan "ɗaya" da ke biyo bayan bugun ƙarshe, kuma hannu ya ci gaba da kaɗawa lokacin takawar, kada ya tsaya.

Ku sa metironom na waya, wato manhajar da ke ƙirga bugu, a bugu 80 a minti. Ku fara da bugu 8, in ya zauna ku koma 16, sannan 32, wato daƙiƙa 24. Ku riƙa ƙirga da baki, don a tsakiya ne gaggawa ke shigowa.

Shimfiɗar farko, wato kiɗan farko da za a ɗora wasu a kai, ta zama mai sauƙi, ko da tsirkiya a danne. In ta karkace ku goge, abin da aka ɗora a kai ba ya gyara ta.