Abin da ke korar ƴan kolej daga taron koyon rubutu

Idan bakansi ya zo, a kan tara ƴan kolej a nan Tawa a ce za a koya musu rubuta labari. Ranar farko ɗaki cike, kafin kwana uku kujeru sun fi yara yawa. Abin yana damuna, domin ni ma na taɓa tafka wasu daga cikin kurakuran da ke korarsu.

Babbansu shi ne jan bik. Yarinya ƴar sizyem, wato ajin farko na kolej, ta kawo labarin kakarta tana ɗoki, mushe, wato malami, ya bi shi kalma-kalma yana ja kamar dikte. Gobe ba za ta sake kawo komai ba. A rubutun farko ka ajiye jan bik a aljihu. Ka karanta, ka tambaye ta: "To ɗiyata, da kaka ta kai bakin rijiya, mi ya faru?" Tambayar nan ce za ta mayar da ita kan kayenta, wato littafinta na rubutu. Gyaran nahawu ya jira zagaye na biyu, a nan ma abu ɗaya ko biyu ya isa.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Yaro yana tunani da Hausa, ko Tamajak, ko Fulatanci, an ce lalle sai da Faransanci. Tsoron kuskure ya sa ya rubuta layi huɗu ya tsaya, alhali da baki zai cika maka rabin awa da labarin. A bar shi ya fara da harshen da labarin ya zo masa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma yawancin yaranmu ba a taɓa nuna musu yadda ake rubuta ta ba. Shi ya sa za ka ga "tch" a wurin "c", "ou" a wurin "u". Wannan ba abin tsawa ba ne. Ka ware safiya guda a tabulo ka nuna musu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su ga bambancin kafa da ƙafa, bari da ɓari. Da wuri suke kamawa.

Wani kuskuren shi ne take mai faɗi, irin su "muhimmancin ilimi". Abin da za ka samu wa'azi ne iri ɗaya har talatin. Yaran Adar ba su rasa abin faɗa ba: uban da ya tafi ci-rani Abija shekara uku, lodin albasar Galmi, masunta a tabkin Tabalak, daren da unguwa ta ƙi barci saboda kokowar takobi, wato gasar kokowar gargajiya ta ƙasa. Ka tura su kasuwa ranar Lahadi da kaye, kowa ya kwaso magana biyar da ya ji da kunnensa, a gina labari a kansu.

Kada a buɗe taro da gasa. Yara uku su ci kyauta, sauran su koma gida da tunanin ba su iya ba. Mai horarwa kuma ya rage dogon jawabi, minti goma sun isa.

Ƴan mata kan yi shiru idan samari sun cika ɗaki da surutu. A raba su rukuni na mutum huɗu ko biyar, kowa ya karanta nasa.

Kuma kada a watse rubutun yana kwance a jakar mushe. A yi hotokopi, a ɗinke ɗan littafi da sunan kowane yaro, a gayyato iyaye ranar rufewa. Uwar da ba ta yi lakkwal ba za ta zauna a tabarma ta ji ɗanta yana karanta labarin gidansu da Hausa.