Yadda ake fara magana da Sifaniyanci: lafazi tukuna, sannan jimlolin yau da kullum

Mai jin Hausa yana da sa'a da Sifaniyanci, domin wasulansa biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta su haka ake faɗarsu. Harshen hukuma ne a Sifaniya da Meziko da Ajantina da Kolombiya, har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka. Kafin ka haddace jimla ko ɗaya, ka ba lafazi kwana uku.

Harafin h ba a furta shi, don haka hola "ola" ake cewa. J tana fitowa daga maƙogwaro kamar harafin kha na Larabci. Ll a yawancin ƙasashe tana kusa da y, ñ kuma kamar "ny" ta cikin hanya. B da v sauti ɗaya ne. Rr biyu ana kaɗa harshe, irin ta cikin sharri: perro kare ne, pero kuwa "amma".

Inda Bahaushe ke yawan tuntuɓe shi ne p da f, tunda a Hausa ba mu raba su. A Sifaniyanci rabawa dole ce: puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa. Wajen p ka haɗe leɓɓa biyu gam sannan ka saki. Wajen f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Ka tsaya gaban madubi ka maimaita por favor, wato "don Allah", sau 20 kullum, domin sautukan biyu duk suna ciki. Ka kula da nauyin murya kuma: alamar da ke kan wasali ita ke nuna gaɓar da ake dannawa. Papá baba ne, papa dankali a Latin Amurka.

Gaisuwarsu gajera ce. Buenos días da safe har zuwa abincin rana, wanda a Sifaniya yakan kai ƙarfe 2. Buenas tardes daga nan har faɗuwar rana. Buenas noches da dare. Ga dattijo ko ma'aikacin ofis ka ce ¿Cómo está usted?, wato "yaya kuke?", ga sa'anka ¿Cómo estás? Usted tana aikin "ku" ta girmamawa. Amsar ita ce bien, gracias, ¿y usted?, wato "lafiya, na gode, ku fa?", shi ke nan, ba a bin gida da aiki da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Me llamo sai sunanka, soy de sai sunan ƙasarka. Namiji ya ce encantado, wato "na ji daɗin haɗuwarmu", idan an gabatar da shi, mace ta ce encantada.

Sabon ɗalibi yakan iya tambaya, amsar ce ke wuce shi saboda saurin bakinsu. Shi ya sa jimloli ukun nan suka fi komai amfani: no entiendo, ban gane ba, más despacio, por favor, a yi a hankali, ¿puede repetir?, a maimaita mini. Idan ka tambayi wuri da ¿dónde está…?, ka saurari derecha, dama, da izquierda, hagu. Todo recto ko derecho na nufin ka miƙe gaba ba kwana, kuma derecho da derecha wasali ɗaya ne ya raba su, a nan ake ɓata.

A kanti ¿cuánto cuesta? ita ce "nawa ne?". Ka haddace ƙidaya daga 1 zuwa 20, sannan gomomi, ka ware sesenta, 60, da setenta, 70, don suna ruɗa kunne. In ka yi shakka ka roƙa a rubuta: ¿puede escribirlo?

A gidan abinci Musulmi ya riƙe no como cerdo, ba na cin naman alade, da ¿lleva cerdo?, akwai alade a ciki? Tambayar ta zama dole, domin jamón, naman cinyar alade, da chorizo, tsiran alade, da manteca de cerdo, kitsen alade, sukan shiga wake da miya da wasu kayan fulawa ba tare da an ambata ba. Sin alcohol na nufin ba giya.

Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Ka ɗauki jimla biyar, ka saurari ɗan harshen yana faɗa, ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta, washegari ka fara da maimaita na jiya kafin ka ƙara sababbi.