Yadda za ka tsara manhajar bibiyar abinci da motsa jiki da za ta yi aiki a Legas

In kana shirin haɗa manhajar da za ta riƙa lissafa wa mutum abin da ya ci da irin motsin da ya yi a rana, to kafin ka zaɓi kayan rubuta manhaja irin su Flutter ko Kotlin ka fara tambayar kanka wa zai yi amfani da ita. In 'yan uwanmu ne na Agege da Idi-Araba da Mile 12 to ka san mafi yawa Tecno ne ko Infinix ko Itel a hannunsu, data a ƙirge take, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, caji kuma sai yadda NEPA ta yi da mutum. Duk tsarin naka a kan wannan zai zauna.

Don haka komai a waya za a fara ajiye shi. Mutum ya danna ya ci waina uku, nan take ta shiga SQLite, wato rumbun ajiye bayanai da ke cikin wayarsa, in Android kake rubutawa kai tsaye Room, kayan aikin Android na sarrafa SQLite, zai sauƙaƙa maka, allo kuma daga nan zai riƙa karantowa ba daga saba ba, wato kwamfutar da ke kan intanet mai tara bayanan kowa. Tura bayanai zuwa saba aikin baya ne, ka bar wa WorkManager, mai tsara irin waɗannan ayyuka a Android, ya jira sai an samu intanet ya tura. Ko mutum na cikin go-sulo a kan gadar Third Mainland sabis ya ɗauke ai ba ruwansa. Kowane shigarwa ka ba ta lambar UUID, wato lambar shaida da ba ta maimaituwa, tun daga wayar, saboda in sabis ya yanke a tsakiya aka sake turawa saba za ta gane ta riga ta karɓa, in ba haka ba sai mutum ya ga an rubuta masa ya ci tuwo sau biyu. Lokaci kuma ka ajiye da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, tare da yankin da mutum yake, mu nan awa ɗaya muke gaba da UTC, abin da aka ci sha biyu da rabi na dare zai faɗa jiya in ba ka kula ba.

Lambar manhajar taka, wato code, ka raba ta gida-gida, ɓangaren abinci daban, na motsa jiki daban, na bayanan mutum irin su nauyi da tsayi da shekaru daban, sai wani ɓangare da aikinsa lissafi kawai. A saba dai rumbun bayanai na PostgreSQL ɗaya da API ɗaya, wato ƙofar da waya ke bi ta yi magana da saba, sun ishe ka, dan Allah kar wani ya ruɗe ka da rarraba saba goma tun ba ka da mutum ɗari, da dala ake biyan kuɗin nan.

Inda aikin yake da gaske shi ne abinci. Manhajojin waje da yawa suna ɗauko bayanai daga FoodData Central ta ma'aikatar noman Amurka, kyauta ne kuma yana da kyau amma ba don mai cin ɗanwake da miyar kuka aka tara shi ba. Ka nemi jadawalin sinadaran abincin Yammacin Afirka da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2012 ta sabunta a 2019, a nan za ka samu su gero da dawa da wake da manja. Kayan leda da na gwangwani masu lambar sikanin kuma rumbun bayanai na Open Food Facts zai taimaka. Sai ka yi tebur hawa uku, na ɗanyen kaya da sinadarinsu a kowane giram 100, na girki wato tuwon shinkafa ko ƙosai da abin da ya shiga ciki, sai na awo. Wannan na ukun shi mutane ke rainawa alhali shi zai sa a riƙe manhajar ko a goge ta. Ba wanda zai je wurin mai abinci a Obalende da sikeli, malmala biyu zai ce, ko ludayi ɗaya na miya, ko tsire tsinke uku, wani ma cewa zai yi shinkafa da wake na dubu ɗaya. Kowane awo ka auna shi da kanka a wurin masu sayarwa daban-daban ka ɗauki tsakatsaki ka maida giram. Na kuɗi kuwa kar ka daskarar da shi a cikin lambar manhaja, farashi ba ya zama wuri ɗaya, ka sa shi a tebur mai kwanan wata. Lissafin kalori mai sauƙi ne, giram ɗaya na sitaci 4, furotin 4, mai 9, shi ya sa cokalin man da aka zuba wa ɗanwake ba abin rainawa ba ne. Kuma in mutum ya shigar da abinci ka kwafe kalorin a jikin shigarwar, don in ka gyara jadawali gobe tarihinsa na watan jiya kar ya canza. Wani abu, kar ka ƙulle lokutan ci a karin kumallo da rana da dare, azumi na zuwa za a nemi sahur da buɗa baki.

Motsa jiki bai kai wannan wahala ba. Inda za ka ɗauko bayanan motsi a iPhone HealthKit ne, a Android kuma Health Connect wanda yake zuwa a cikin waya tun daga Android 14, kar ka fara sabon aiki da Google Fit don tun 2024 aka rufe rajistar sabbin masu haɗa manhaja. In da na'urar ƙirga taku ta wayar za ka yi aiki kai tsaye ka sani tana ƙirgawa ne tun daga lokacin da aka kunna waya, batir ya mutu aka sake kunnawa ta koma sifili, sai ka riƙa ajiye bambanci ba jimla ba. Danfo da keke kuma girgizarsu kan shiga a matsayin taku, ka duba gudun da mutum yake kai ka tace. Wayoyin nan kuma suna da saurin kashe manhajar da ke aiki a baya don tattalin batir, ka gwada a kan Itel ta gaske ba a kwamfuta kawai ba. Ƙone kalori ana ƙiyasta shi da MET, wato ma'aunin ƙarfin motsi, sau nauyi sau awa, mai kilo 70 da ya yi tafiyar rabin awa a filin wasa na Surulere a MET 3.5 ya ƙone wajen 120, ka rubuta masa ƙiyasi ne.

Bayanan lafiya kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa su cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke sa ido. Ka nemi yardar mutum ƙarara kafin ka karɓa, komai ya bi ta HTTPS mai ɓoye bayanai a hanya, kar nauyin mutum ko sukarin jininsa ya shiga wurin masu talla, kuma ka sa maɓallin goge akawun da zai share na waya da na saba gaba ɗaya.